Motar da Na Yi wa Ƙaryar Asali

Kafin in zama abin da na zama, ni ɗalibi ne. Daga wani gari a ƙasar Katsina aka turo ni Alƙahira karatun addini a shekarar 2011, mahaifina ya raka ni har tasha yana sa mini albarka. Mu biyar ne a gida ɗaya a unguwar Hay el-Sabi'. Ba na shan komai, ba na yawon banza. Abu ɗaya ne ke ɗauke mini hankali tun ina ƙarami, wato mota. Malami na bayani a aji, ni kuwa ina can ina tuƙi a wata doguwar hanya da ban taɓa gani ba.

A shekarar gari bai zauna lafiya ba, ana yawan rufe makaranta. Zaman kashe wando ya kai ni garejin wani dattijo Bamisire a Hadayek el-Maadi, Usta Sabri, mai gyaran tsofaffin motoci. Kwana uku ina tsayawa a bakin ƙofa ina kallo. A na huɗu ya miƙo mini sifana ya ce, "Ya ibni, ɗana, ido ba ya kwance noti. Yalla, shigo."

Usta bai iya karatu ba, don haka duk wata takarda ta gareji ta dawo hannuna. Ya yarda da ni ƙwarai, yana cewa mai karatun Alƙur'ani ba zai cuce shi ba. Ni kuwa wata rana na wanke tsohon filogi da fetur, na sa shi a sabon kwali, na sayar wa wani direban tasi. Ba abin da ya faru. Na sake, ba abin da ya faru. Daga nan zuciyata ta daina bugawa idan na yi ƙarya.

A farkon 2012 wani mai gadi ya kira Usta ya zo ya ga wata mota a ƙarƙashin tsohon gidan da za a rushe. Muka je da hantsi. Da muka yaye tamfol, ƙura ta tashi tana yawo cikin hasken da ke shigowa ta taga, sai ga ta. 'Yar gajeriya, kujera biyu, babu rufi, jikinta sumul kamar ƙwai, jan fentinta ya koɗe. Kyanwa ta haihu a kujerar direba. Na san irinta a hoto, motar tsere ce ta Jamus tun zamanin kakanninmu, wadda masu hali ke nema ido rufe. Na tsaya kamar wanda ya ga aljana.

Usta ya matsa kusa da motar. Ya ƙwanƙwasa ƙofar da yatsa, ya kasa kunne. Ya zaro ɗan mayen ƙarfe daga aljihu ya ɗora a jikinta, abin ya zame ya faɗi ƙasa. Sannan ya kwanta ya leƙa ƙarƙashinta, ya kira ni.

"Ka ga wannan layin walda? Shasin kunkuru ne, ƙaramar motar nan mai ƙusumbi. An yanke shi an rage masa tsawo. Jikin kuma faiba ne, ba ƙarfe ba. Kwaikwayo ce, ya ibni."

Na ce, "To ke nan ba ta da amfani, Usta?"

Ya yi dariya. "Wani ne ya yi mafarkin ta asali, bai samu ba, ya ƙera wannan da hannunsa. Ni ina son irin wannan mutumin."

Ya saye ta daga magadan gidan. Wata goma sha huɗu muka yi a kanta. Muka sauke injin, wanda yake a baya, muka warware shi ɗaya bayan ɗaya a kan buhu. Kabureta ta kwana uku cikin kananzir. Na goge jikin da samfefa har zanen yatsuna ya ɓace. Matar Usta, Hajja, ita ta ɗinka rigar kujerun da fata mai launin shayi da madara. Ranar da injin ya tashi, Usta ya zauna a kan tsohuwar taya yana share ido da bayan hannu.

Ni nake fita gwaji da ita. Da sassafe nakan bi bakin kogin Nilu, hazo na kwance a kan ruwa, jiragen kamun kifi na tafiya kamar ba su taɓa ruwan ba. Iska na dukan fuskata, masu shara na tsayawa suna kallo. A waɗannan safiyoyi ni ba ɗan kowa ba ne, ba ni da jarrabawar da na faɗi. Usta kuwa ko sau ɗaya bai karɓi makulli ba. Idan na miƙa masa sai ya ce, "Da saura."

A gidan mai na haɗu da wani Alhaji ɗan kasuwa daga Kano, ya kawo matarsa asibiti. Ya ji ina waya da Hausa, ya matso yana shafa motar.

"Malam, wannan ta asali ce?"

Bakina ne ya riga ni. "Ta asali ce, Alhaji."

"Ai da ganinka na san ba za ka yi mini ƙarya ba. Ɗan uwa, kuma ɗalibin ilimi."

Nan take muka yi ciniki, ba da sanin Usta ba. Na sami wani mai buga lamba a ƙarfe ya yi mini ɗan farantin shaida irin na kamfani, na manna. Na shafe layin waldar da baƙar kwalta. Na rubuta takardar wakilci da ta sayarwa, na kai wa Usta na ce ta sabunta lasin ce. Yana shan shayi ya dangwala yatsa, ko kallon takardar bai yi ba. "Tamam, Allah ya yi maka albarka," in ji shi.

A tashar jiragen ruwa asiri ya tonu, lokacin da za a fitar da motar zuwa gida. Masu bincike suka ga lamba ba ta dace ba. Yatsan da ke kan takarda na Usta ne, shi aka fara kamawa. Kwana goma sha tara dattijon nan ya yi a tsare, an rufe garejinsa, ni kuwa ina ɓoye a ɗakin wani ɗan Sudan a unguwar Arba wa Nus. Na san inda yake, ban fito ba. Kama ni aka yi, ban kai kaina ba. Alƙali ya yanke mini shekara biyu, makaranta ta kore ni.

A kurkuku kusan kullum sai na yi mafarkin ina tuƙa ta a bakin kogi, in farka in ji ƙafar wani a haƙarƙarina. Sau ɗaya Usta ya zo, ya rame, da gurasa a leda. Na kasa ɗaga kai.

Ya ce, "Ma'alish, ba komai. Nawa na yafe." Ya ajiye ledar a gabana. "Ka san me ya sa ban taɓa tuƙa ta ba? Na bari sai ranar Idi, in ɗauki Hajja mu zaga gari. Shekara arba'in tana hawa bas. Yanzu motar tana filin 'yan sanda, rana ta fasa fentin."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

A 2015 aka sake ni, daga kurkuku sai filin jirgi, ba a bar ni na je ko'ina ba. Da na iso gida na tarar da mahaifina ya daina zama a majalisar ƙofar masallaci saboda tambayar da ake masa a kaina. Na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai. Na nemi Alhaji har Kano na roƙe shi gafara, ya ce zai yi tunani, kuma yana da gaskiya. Usta kuwa ya rasu kafin wasiƙar da na rubuta masa ta isa gare shi. Yanzu ina gyaran mota a bakin tasha, ina roƙon Allah ya karɓi tubana.

Ƙannena, ku ji daga bakin wanda ya gani. Ranar da kuka yi ƙaramar cuta ba a gane ba, kada ku yi murna, ku ji tsoro. Idan aka tambaye ku abu, ku faɗi yadda yake ko da ciniki zai lalace. Wanda kuma ya miƙa muku yatsansa ba tare da ya duba takarda ba, ku karanta masa abin da ke ciki, da ƙarfi, tun daga farko har ƙarshe.