Angara Ya Kai Harshen Gida Kasuwa

Angara kwandastan bas ne a hanyar Udupi zuwa Kasaragod, tun yana saurayi har furfura ta cinye masa kai. A bakin ƙofar bas ɗin ya tsinci harsuna. Mata masu tallan kifi su zage shi da harshen Tulu, ma'aikatan gwamnati su daka masa tsawa da Kannada, in an tsallaka iyakar jiha a ci mutuncinsa da Malayalam, leburorin gini kuma da Tamil. Duk ya iya, duk kuma yana ramawa, don Angara ba ya barin ta kwana.

Harshe na biyar shi ne na gida, na ƙabilar Koraga masu saƙar kwando da kiɗan ganga, waɗanda a da ko kusa da rijiyar masu ƙasa ba a bari su je. Wannan ba ya hawa bas da shi. Yakan bar shi a unguwarsu ta bayan dutse, wajen Inna Tukri, ƙanwar mahaifiyarsa, wadda ta goya shi bayan uwar ta rasu. Yaran unguwa duk sun koma Tulu. Matarsa ta riga shi gidan gaskiya, 'ya'yansa suna birni suna ɓoye asalinsu. Duk duniya tsohuwar nan kaɗai ta rage masa da zai buɗe baki da harshen da aka yi masa rarrashi da shi.

Ita kuwa dokarta ɗaya ce, kuma tun yana yawo ba wando take nanata masa.

"Sun ci ƙasarmu, sun ci ƙarfinmu, sun tsayar da mu cikin taɓo muna buga musu ganga suna tseren ɓauna. Abu ɗaya ne ba su ci ba, harshenmu. Ubangida na tsaye a kanka, ka ce wa ɗan'uwanka ga kare nan ya iso, shi kuwa yana ta washe baki. Ranar da ka kai shi waje, ka rasa shi a ciki."

Da ya ajiye aiki sai wata ƙungiya a gari ta neme shi. Ƙamus suke haɗawa, kalma ɗaya a jera ta cikin harsuna huɗu, wai a nuna duk 'ya'yan uwa ɗaya ne. Shugabansu Sadananda Hegde, jikan masu ƙasar da unguwar take a kanta, mutum mai sanyin murya, irin wanda zai taka ka sannan ya tambaye ka ko ƙafarsa ta dame ka. Angara ya duba takardun ya ga layi huɗu, sai ransa ya ɓaci.

"Mu fa? Bebaye ne mu, ko uwar ce ta zubar da mu a bola?"

Aka ce masa babu wuri a shafi. Ya ce a matsa, ai haka ake yi a bas. Ya bi su da masifa zama bayan zama har suka gaji suka buɗe masa layi na biyar. Gaskiyar magana, son harshen ne ya sa shi, amma har da son ya tura wa Hegde haushi. Kuma ya san dokar Inna sarai, kunnen uwar shegu kawai ya yi.

Sai ya koma zaman gindin tsohuwa. Yana fere mata gora tana saƙa, yana jan ta da hira: me ake kiran wannan kurmin, me ake cewa in mace ta haihu, me ake faɗa a kan gawa.

"Yau kuma tambayar me ce haka? Tsufa ya sa ka manta sunan gwiwarka?"

Ya yi dariya, ta faɗa masa. In ya karkace kalma ta kwaɗa masa tsinken gora a hannu, kamar lokacin yana yaro. Shi kuma ya zagaya bayan ɗaki ya rubuta. Ba ta iya karatu ba, shi ma bai taɓa gaya mata ba.

Littafi ya fito. Aka yi biki a gari, aka kunna fitilar buɗe taro, aka yi jawabai har mutane suka fara gyangyaɗi. Daga nan Hegde ya ce dole a je a karrama tushen layi na biyar. Da Angara yana da hankali, a nan zai hana. Ina, kai ya riga ya kumbura.

Da rana tsaka suka iso unguwa, da sarƙar furanni, da mayafi, da tiren ayaba, da mai ɗaukar hoto. Inna Tukri na zaune a ƙofa da kwando a cinya. Ta ga Hegde, ta ga hancin kakansa a fuskarsa. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce wa Angara da harshen gida:

"Wa ya kawo mana kare da rana haka?"

Hegde ya yi dariya har da tafa hannu. Ya ɗan rusuna, ya amsa mata da harshen, a karkace amma ana ganewa:

"Kare ya zo gaisuwa ne, kaka."

Shi a ganinsa raha ya yi. Ya sha wahala ya haddace daga ƙamus ɗin, yana jira a yaba masa. Hannun tsohuwa ya tsaya a kan kwando. Ba Hegde ta kalla ba, Angara ta kalla, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta miƙe da ƙyar, ta ja da baya nesa, ta sunkuya, ta haɗa tafukan hannu a ƙasa-ƙasa yadda ake yi a da, don a sako mata mayafin daga sama kada hannu ya taɓa hannu.

"Haba kaka, ai wannan zamanin ya wuce," in ji Hegde.

"Ranka ya daɗe ya fi ni sani," ta ce da Tulu.

Baƙi suka tattara suka tafi ba hoto. Angara ya tsugunna gabanta ya fara ba ta haƙuri da harshen gida. Ta saurara har ya gama, sannan ta ce, da Tulu:

"Ranka ya daɗe yana son ruwa?"

Nan masifarsa ta motsa. Ya ce ita ba dawwama za ta yi ba, ranar da ta mutu da ita za a binne harshen, shi ne ya cece shi. Ya ce yanzu jikokinsu za su buɗe littafi su ga sunansu kusa da na kowa.

"Da ya mutu a gida, da an binne shi da sutura," ta ce. "Kai kuwa ka tuɓe shi a kasuwa."

Tana nan da ranta har yau, taurin rai gare ta. Tana dafa masa kunun shinkafa da busasshen kifi, ta ajiye a nesa ta ja da baya, kamar yadda ake wa baƙon da ake tsoro. Ya yi roƙo, ya yi zagi, ya turo dattawa, duk a banza. Ranka ya daɗe da safe, ranka ya daɗe da yamma.

Yanzu dabara ɗaya ta rage masa. Yakan zauna kusa da ita da ƙamus ɗin a cinya, yana karanta layi na biyar da ƙarfi, yana karkata kalmomin da gangan, ya ajiye hannunsa inda tsinken gora zai kai. Wani lokaci yatsunta su tsaya a kan kwando, shi kuma ya riƙe numfashi yana jira. Sai ta tofar da jan yawun ganyen da take tauna kamar goro, ta ci gaba da saƙarta.