Tarin Baiti na Sha Bakwai

Armiya'u tela ya haura shekara hamsin yana taka keke a wata rumfa kusa da tashar jirgin ƙasa ta Ƙaura Namoda. Bai taɓa rubuta ko baiti ɗaya ba, amma daga nan har Shinkafi da wuya a sami gidan da muryarsa ba ta shiga ba.

Marigayi Malam Hashimu na Zurmi, wanda ake karanta waƙoƙinsa a makarantu, mutum ne mai i'ina. A takarda ba ya tuntuɓe, a baki kuwa ba ya kai ƙarshen ɗango. A 1978, da aka zo ɗaukar wata waƙarsa a kaset, sai ya sa telansa ya rera, shi yana gefe yana kaɗa kai. A jikin kaset sunan Malam kaɗai aka rubuta. A ranar, Ramatu, matar Armiya'u, tana suyar barkono a tsakar gida. Hayaƙi ya shigo zaure ya sarƙe Armiya'u a baiti na sha bakwai, ya yi tari sau biyu. Kaset ɗaya aka zo da shi, ba a sake ɗauka ba.

Bara aka shirya gasar tunawa da Malam, a ga wanda ya fi iya kwaikwayon muryar da ke kaset. Ni aka ba riƙon rajista. Mutum bakwai suka shiga, na ƙarshe Armiya'u, da sandarsa.

Na ce, "Baba, har da kai?"

Ya ce, "Ɗana, ba kyauta nika so ba. So nike, kahin in mutu, a rubuta sunana wuri guda da waƙag ga."

Shidan farko, kowa ya iso baiti na sha bakwai sai ya dakata, ya yi tari sau biyu, jama'a su ɗauki tafi. Babban alƙalin gasar, wani malamin kwaleji, ya yi bayani cewa a nan ne Malam yake nuna yadda baƙin cikin duniya ya shaƙe shi.

Armiya'u ya rera daga farko har ƙarshe, sumul. Shekara arba'in da ɗoriya yana jin kunyar tarin nan, ranar ya sami damar gyarawa.

Alƙali ya ce, "Baba, ka yi ƙoƙari. To ina tarin?"

"Wane tari? Barkono ne, Malam! Ni nir rera ta. Tambayi Ramatu, ga ta can."

Ramatu ta ɗaga murya daga cikin mata: "Sai da nic ce su koma waje gindin iccen bedi, tsohon ga ya ƙiya!"

Aka kwashe da dariya. Alƙali ya ce, "Allah ya ja kwanan Baba. Ai yanzu kowa a garin nan ya taɓa zama da Malam."

Armiya'u ya zo na shida. Na bakwai ya manta baiti uku ne.

Washegari ya iske ni ofis ya ce, "An rubuta?" Na buɗe masa shafin. A sama akwai sunan Malam da na waƙar, a ƙasa kuma: Armiya'u tela, na shida, muryarsa ba ta yi kama ba, ya bar tari. Na karanta masa duka, ban rage komai ba.

Ya ɗora hannu ya auna tsakanin sunayen biyu, kamar yadda yake auna wuyan riga.

Ya ce, "Ko taƙi guda bai kai ba. Ya isa." Ya ɗauki sandarsa ya koma rumfa.