Miliyan Ɗaya da Ɗaya

Muna aji na biyu a kolej a Tasawa, wani mushe mai koya mana lissafi ya rubuta 1 000 001 a allo. Ya ce mu gano ko tana cikin lambobin da ba su rabuwa daidai sai da ɗaya ko da kansu. Bai ba mu amsa ba. Malamai suka shiga yajin aiki, da aka dawo kuma an maida shi wani gari.

Ni na manta da zancen. Taubashina, ɗan kawuna da muke zama benci ɗaya, bai manta ba. A shekarar mahaifinsa ya rasu, ya bar lakkwal, karatu ya tsaya, ya koma ƙauyensu Gidan Amumune, da damina noma, da rani kabu-kabu. In yana jiran fasinja a bakin kasuwa sai ya tsuguna yana raba lambar a ƙasa da tsinke. Ya bi lambobin da ba su rabuwa ɗaya bayan ɗaya, ya gwada uku, bakwai, sha ɗaya, sha uku, kullum da saura. Da ya kai casa'in da bakwai ya tsaya, a ganinsa abin da ya gagari na ƙasa da ɗari ya gagara ke nan. Ya kira ni ina Yamai, yana dariya, ya ce ya gama, ba ta rabuwa.

Bara ciwon ƙoda ya kwantar da shi gidan likita a Tasawa. Na iske ƙafafunsa sun kumbura, matarsa na yi masa fifita. Muka taɓa zancen gero da tsadar isansi, man babur, hira ta ƙare. Can ya ce, "Kai ɗan boko, tambayar mini salularka lambar nan tamu. Ina so in ji daga wani bakin."

Na so in ce ba rezo, amma idonsa na kan hannuna. Na duba.

"Tana rabuwa," na ce. "Ɗari da ɗaya sau dubu tara da ɗari tara da ɗaya."

Ya rufe ido, leɓunansa na motsi.

"Bayan casa'in da bakwai ɗari da ɗaya ke bi," ya ce.

"Ita ce."

"To mi ya sa na tsaya?"

Matarsa ta tambaya ko maganar magani muke, ya ce a'a. Ya juya wajen bango, ya ce ta bar fifitar, sanyi yake ji.

Ya rasu kafin a yanke gero. A bayan wata tsohuwar mota muka kai shi gida, ni da ƙanensa muna riƙe da makara saboda hanyar duk rairayi ce, motar na ta tangaɗi.