Jan Fiffiken da Ya Zuba a Ruwan Toka

Ko na tsufa na rasa haƙora, ba zan manta da ranar da na mayar da wani dattijo maƙaryaci a tsakiyar kasuwar Danja ba. Lokacin ina sabon malamin kimiyya, kaina cike da karatu, ina ganin babu tsuntsun da zai wuce ban faɗi danginsa ba.

Dattijon maharbi ne, ya zo da wani tsuntsu a keji, mutane sun yi masa zobe. Jikinsa shuɗi mai duhu kamar rawanin da ya sha baba, goshinsa rawaya, fikafikansa ja wur. Wasu suka ce aku ne, wasu suka ce hazbiyar Kudu ce. Da suka hango ni, sai aka ce ga malam, shi zai raba gardama.

Gaskiya ban san shi ba, amma girman kai ya hana ni faɗa. Na tsinci wani jan gashi da ya zube a kejin, na sa aka kawo ruwan toka a kwano, na cuɗa shi a ciki. Nan take ruwan ya yi ja. Na ɗaga kwanon sama na ce rini ne, an yi wa tsuntsu kwalliya don a yaudari jama'a. Aka bushe da dariya, har wani ya kira dattijon Baba marini.

Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Malam, shekarata sittin ba a taɓa kira na maƙaryaci ba. Gobe ka zo ka ga wanda ya rina su."

Son sani ya kai ni. Da hantsi muka shiga wani kurmi a bakin rafi, muka zauna ƙarƙashin ɓaure. Can sai ga guda uku suna gudu a kan reshe kamar kurege. Da suka tashi na ga jan nan sak. Dattijon ya nuna mini ƙafar na kejin da ya taho da shi, yatsa ɗaya yana juyawa gaba da baya, ya ce shi ya sa bai yarda aku ne ba, balle hazbiya. Sannan ya buɗe kejin ya sake shi.

Daga baya littafi ya gaskata shi: danginsu daban ne, a Afirka kaɗai suke, kuma jan fiffikensu halitta ce mai narkewa a ruwan toka.

Ran kasuwa na koma wurin da na yi ɓarnar, na ba shi haƙuri da ƙarfi a gaban jama'a. Ya yafe, amma sunan marini ya bi shi har ya koma ga Allah, abin da ke ci mini rai har yau. Tun ranar na koyi faɗin "ban sani ba" tun kafin bakina ya ɓata sunan wani.