Nama da Wuƙarsa a Cikinsa

Ban taɓa mantawa da wata safiyar kasuwa a mahautar Gidan Rumji ba. Ƙarfe bakwai daidai, muna wurin mu huɗu: ni, maigidana Likita Isufu, Sarkin Fawa Tanko, da ɗansa Laminu. Ni mataimakin likitan dabbobi ne. Aikina a jere yake: in duba dabba tana tsaye, a yanka, in duba hanta da huhu, sannan in buga hatimi.

Ran nan Sarkin Fawa ya ware cinyar rago ɗaya. Matarsa Inna Rabi ta jima a kwance, haƙoranta sun zube, kunu ma ta ƙi. Abin da ta roƙa shi ne balangu irin wanda yake gasa mata tun suna da ƙarfinsu.

Laminu ya ce, "Baba, ku kawo in gasa yanzu."

Tsoho ya latsa cinyar da yatsa. "Ta sandare, ɗan nema. Uwarka takalmi za ka ba ta? Bar shi ya huta. Nama da wuƙarsa a cikinsa."

Likita ya yi dariya, ya ce, "Sarki, wuƙar nan taku a lakol, wato makaranta, katefsin muke ce mata." Ya bayyana mana daki-daki. Wani sinadari ne da ke ƙunshe cikin ƙwayoyin jiki. In dabba tana da rai, shi ke narkar da abin da ya tsufa a jikinta. Bayan yanka sai ya fito a hankali, ya riƙa tsinka zaren naman har ya yi laushi.

Na ce, "Likita, da zafin nan zai ruɓe kafin ya yi laushi. Kuma doka ta hana nama kwana a mahauta."

Ya ce, "Gaskiyarka, Mamman. Amma doka ba ta hana firjin gidana ba."

Ni na kai cinyar a keke. Bayan kwana biyu na maido ta, Sarki ya gasa da hannunsa, bai bar kowa ya taɓa wutar ba. Da la'asar ya iske mu a buro, ofishinmu, hularsa a karkace.

"Ta ci! Har ta ce yajin ya yi kaɗan. Tunda ta fara faɗa, da sauranta."

Ta ƙara damina ɗaya a duniya. Sarki ya bi ta ba da jimawa ba, Likita kuma aka yi masa canjin wurin aiki, ban sake ganinsa ba. Har yau in na wuce mahauta na ji ƙarar wasa wuƙa, sai in waiga, kamar zan gan su suna gardama a kan cinyar rago.

Ku da kuke bakin aiki a mahauta yanzu, ga roƙona. In an zo sayen nama don tsoho ko majinyaci, ku ce a sa shi cikin sanyi ya huta tukuna. Wanda kuma ya san inda Likita Isufu yake, don Allah ya gaya masa Mamman mai hatimi yana gaishe shi.