Ɗaurin da Na Kwance da Hannuna

Har yau in na tuna Larabar nan sai raina ya ɓaci, kuma ban san da wa zan fara ba, shugaban ofishinmu ko ni kaina.

A lokacin ina kula da kwamfutocin wani kamfanin awon filaye a Gwarzo. Muna da manhajar da ke ɗaukar kwafin duk abin da ke cikin babbar na'ura kullum, ta adana. In kwafi ya yi wata shida, da kanta take share shi don a sami wuri, sai fa in an ɗaure shi. Wanda aka ɗaure ba ya goguwa har sai an kwance.

Akwai kwafin da na ɗaure saboda wani dattijo daga Dugabau. Maƙwabcinsa ya ci masa iyakar gona, magana ta je kotu. Takardarsa gara ta cinye. Taswirar da ke na'urarmu kuwa an riga an ɗora sabon awo a kanta. Tsohon awon yana cikin kwafin nan kaɗai, lauya ma ya rubuto a riƙe shi.

Sai ma'ajiyar ta cika. Na nemi a ƙaro wata ma'ajiyar, aka yi ta ja mini rai. Ranar nan Alhaji, shugaban namu, ya tare ni a bakin masallaci bayan azahar, yana sa takalmi.

"Kai, je ka kwance ɗaure-ɗauren nan naka. Aiki ya tsaya."

"Ranka ya daɗe, akwai na shari'ar Dugabau."

"An sasanta su tuni. Kwance."

Ƙa'ida ta ce sai da takarda mai sa hannu. Ni na rubuta ƙa'idar ma. Amma mutumin nan abokin mahaifina ne, shi ya karɓo mini aure. Da wane baki zan ce ya rubuta? A wajenmu daidai yake da ka ƙaryata babba. Na ce to. Manhajar ta tambaye ni ko na tabbata, na danna. Wa'adin kwafin ya daɗe da wucewa, kafin la'asar ta share shi.

Ashe ba a sasanta komai ba. A wajen wani taron suna Alhaji ya tsinci zancen.

Da takardar kotu ta iso ana neman kwafin, na ce shi ya sa ni kwancewa, Alhaji ya dube ni a gaban kowa ya ce, "Yaushe muka yi haka da kai?" Rajistar manhajar sunana ta nuna, da ƙarfe nawa. Maganar bakin masallaci ba ta shiga rajista. Wallahi kamar in shaƙe shi. Abokan aiki suka yi ta cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Wane tsautsayi? Kunyar banza ce, kuma ni na yi ta.

Dattijon ya zo da kansa a kan acaɓa. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya tambayi iyali, ya sa mini albarka, wai an ce ni ke riƙe masa amana. Na gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "To Malam, ai ka dai gan ta da idonka. Sai ka zo ka faɗa wa alƙali."

Ban taɓa buɗe taswirar ba. Ɗaure ta kawai na yi. Wannan ma na faɗa masa.

Ya ce ba komai, ya tashi. Daminar da ta biyo baya maƙwabcin ne ya shuka dawa a wajen.