Siririyar Wayar da ke Bayan Kwamfuta

Lokacin da baban yara yake karatun digirinsa na uku, mun zauna a can saman wani dogon bene a Pantai Dalam, nan Kuala Lumpur. Falon ƙarami ne, amma rabinsa kwamfuta ta cinye. Kwamfutar wancan zamanin ba irin ta yanzu ba ce da 'yata take ratayawa a jaka. Tana da kai mai ƙeya kamar tsohuwar talabijin, da wani farin akwati da ake ajiyewa a ƙarƙashin tebur, da wayoyi a baya kamar an zubar da taliya. Ta hannu ce, a wajen wani ɗalibi da ya gama zai koma gida ya same ta.

Ni iyakar karatuna ajin yaƙi da jahilci ne, shi ma sai da na yi aure. Amma ina da son tambaya, shi kuma ba ya gajiya da ni. Wata rana ya buɗe akwatin zai hure ƙura, ya nuna mini cikinsa. Ya ce a nan akwai wuri biyu. Ɗaya kamar baƙin allon aji ne, duk aikin da take yi a kansa take yi, da wuta ta ɗauke sai ya goge tas. Ɗayan kuma wani ƙarfe ne mai nauyi, bai kai tafin hannuna biyu ba, da faifai a ciki yana juyawa. Abin da aka adana a nan yana zama ko an kashe ta.

Na ce, “To karatun naka yana wanne?”

Ya ɗora yatsa a kan ƙarfen. “Duk abin da ya kawo mu ƙasar nan yana cikin wannan.”

Tun daga ranar nake jin tsoronta. Yana da wasu ƙananan faya-fayai masu kusurwa huɗu da yake kwafe aikin a ciki, amma danshin garin nan ya sa sun yi fumfuna, da yawa sun daina buɗewa. Ya yi ta cewa zai sayo sababbi, aiki bai bar shi ba. Idan ina shara, nesa da tebur nake bi da tsintsiya.

A gida Kano tsoronmu ɗaya ne game da kayan wuta: a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi. Da muka ga a nan ba a ɗaukewa, sai muka saki jiki. Ba wanda ya gaya mana cewa a garin nan daga sama abin yake zuwa.

Wa'adin karatunsa ya kusa cika, malaminsa yana jiran sakamakon wani lissafi. Lissafin nan kwamfutar ce take yi da kanta, dare da rana, har ta kwana tana yi ba ta gama ba. Da safe zai tafi makaranta ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, “Maman yara, don Allah kada a kashe ta. Ko me ya faru kada a taɓa. Idan ta mutu yanzu, daga farko zan sake.”

Na ce, “Ni da ko kusa da ita ba na zuwa?”

Ya yi dariya ya tafi.

Bayan azahar sama ta haɗe. Na kwashe shanya daga baranda, na goya ƙaramar 'yata, babbar tana makaranta. Dogayen benayen da muke hangowa suka ɓace cikin ruwa. Tsawar farko da aka yi sai da gilashin taga ya kaɗa.

Sai ga bugun ƙofa. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa 'yar ƙasar, makcik muke ce mata kamar yadda ake kiran iyaye mata a nan. Ba ta jin Hausa, ni kuma yarensu kalmomin kasuwa kawai na sani, amma mun saba, takan kawo mana soyayyiyar ayaba. Ta leƙo ta ga fitilar kwamfuta a kunne, ta dafe ƙirji.

“Cabut, adik, cabut!” Wato zare, ƙanwata, zare. Tana yi tana nuna yadda ake zare filogi daga bango.

Na girgiza kai. Na ce maigida ya hana. Ta kama hannuna ta kai ni gidanta, ta nuna mini akwatin kwamfutar ɗanta a bayan kujera, an rufe shi da zane. Ta juya bayansa. Inda siririyar waya take shiga ya yi baƙi, roba ta narke. Ta nuna sama, ta nuna tarho, ta bi wayar da yatsa har zuwa akwatin. Na gane. Tsawa ce ta biyo wayar tarho ta shiga ciki ta ƙone shi.

Tamu ma tana da wannan wayar. Ta nan take shiga intanet, ta yi ta wani kuka kamar an taka wutsiyar mage kafin ta haɗu.

Na koma gida na tsaya a gaban tebur. Idan na zare, na karya maganar maigida, lissafin ya goge. Idan na bari, ƙarfen nan mai nauyi zai iya komawa kamar na ɗan makcik. Na nufi tarho zan kira sashensu a makaranta, ta buge mini hannu. “Tak boleh,” wato ba a yi. Ana tsawa ba a taɓa tarho.

Na durƙusa da goyona na leƙa baya. Wayoyi sun cuɗe, fankar akwatin tana hura mini iska mai ɗumi a fuska. Na ga mai kauri ta tafi soket, na ga siririya ta bi jikin bango zuwa wajen tarho. Makcik tana kaina tana nuna duka biyun. Ni dai a raina na ce mai kaurin ce abincinta, ita ya hana. Siririyar bai ambace ta ba. Na yi bisimilla na matsa ɗan harshen robar, ta fito. Na ɗago da sauri na duba gilashin kwamfuta. Lambobi suna nan suna tafiya.

Ban gama sauke numfashi ba falon ya yi fari fat, ƙara ta biyo baya a tare, ba tazara. Wani abu ya ce ƙas a bakin ƙofa. Fanka ta tsaya, firji ya yi shiru, gilashin kwamfuta ya koma baƙi. Yarinya ta fashe da kuka. Ƙauri ya cika falon, ban san daga ina yake fitowa ba.

Makcik ta zauna da ni har ruwa ya tsagaita. Na yi la'asar ban san me na karanta ba. Ina ta tunanin yadda za mu sauka a Kano hannu sake, da fuskar mahaifiyarsa da ta sa mana albarka a filin jirgi.

Baban yara ya shigo a jiƙe sharkaf, babbar tana bayansa. Ya kalli tebur, ya kalle ni. Na faɗa masa komai a tsaye, har da wayar da na zare. Ya buɗe ɗan akwatin wuta na bakin ƙofa, ya ɗaga makunnin da ya faɗi, fitilu suka dawo. Ya shinshina bayan kwamfuta, ya shinshina tarho. Ƙaurin daga tarho yake, ya mutu.

Ya danna maɓallin kwamfuta. Ta yi ƙara ɗaya, faifai ya fara juyawa, farin rubutu ya yi ta gudu a kan baƙi. Na riƙe bayan kujera. Ya buɗe babi na farko na littafin digirinsa, ya buɗe na biyu, ya yi ta buɗewa. Sannan ya kifa kansa a kan tebur, ya daɗe a haka.

“Lissafin ya tafi,” ya ce. “Amma littafin yana nan.”

Na ce, “Za ka iya sakewa kafin lokacin?”

“Zan roƙi malamin ya ƙara mini kwanaki. Ki zubo mini abinci.”

Washegari ya sayo sababbin faya-fayai da wani akwatin batir mai riƙe wuta. Malamin ya ƙara masa kwanakin, da ƙyar. Ni kuma aikina ya ƙaru da ɗaya har muka bar gidan: da na ga sama ta fara haɗewa, kafin na je wajen shanya, sai na durƙusa a ƙarƙashin tebur tukuna.